Rufe Majalisa da Rufe Iyaka: Rikicin Ingila na 2019 a Ma'aunin Tarihin Ƙasar Bagudo

1.0 Gabatarwa

A cikin watan Agusta na shekarar 2019 an yi abubuwa biyu waɗanda kwana takwas ne kurum tsakaninsu. Ran 20 ga wata Gwamnatin Tarayyar Nijeriya ta soma rufe iyakokinta na tudu da Jumhuriyar Benin da ta Nijar. Ran 28 ga wata kuma Firayim Ministan Biritaniya, Boris Johnson, ya nemi Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta dakatar da zaman Majalisa har mako biyar, alhali saura wata biyu ƙasar ta fice daga Tarayyar Turai. Na biyun ya cika duniya da surutu, kuma kafin wata guda ya cika kotu ta rushe shi. Na farkon kuwa ya yi wata goma sha shida kafin a sassauta shi, kuma a wasu mashigai ya wuce haka nesa ba kusa ba.

Manufar wannan takarda ita ce mu ɗora waɗannan al'amura biyu a kan ma'auni ɗaya, mu dube su daga ƙasar Bagudo ta Jihar Kabi, wadda ke maƙwabtaka da Benin. Ba mu ce rufe iyaka daidai yake da ficewa daga ƙungiyar ciniki ba. Abin da muke son nunawa shi ne tambaya ɗaya ce ke ƙarƙashin duka biyun, watau wa ke da ikon buɗe ƙofar ciniki ko rufe ta: mai riƙe da gwamnati shi kaɗai, ko kuwa sai da yardar wakilan jama'a? Za mu ga cewa tun daga 1898 zuwa yau an sha yanke wa mutanen Bagudo hukunci a kan wannan ƙofa, amma ba a taɓa kai maganar gaban wakilansu kafin a zartar ba.

2.0 Abin da Ya Auku a Ingila

Biritaniya ta shiga Kasuwar Tarayyar Turai ran 1 ga Janairu 1973. A ƙuri'ar raba gardama ta ran 23 ga Yuni 2016, kashi 51.9 cikin ɗari na masu zaɓe suka ce a fita, kashi 48.1 suka ce a zauna. Sai dai ƙuri'ar ta faɗi a fita ne kawai, ba ta faɗi ta wace hanya ba, kuma a nan gizo ya yi saƙa. Firayim Minista Theresa May ta so ta miƙa takardar ficewa da ikon gwamnati kaɗai, amma a Janairu 2017 Kotun Ƙoli ta ce sai Majalisa ta yi doka tukuna. Bayan ta ƙulla yarjejeniyar rabuwa da Turai, Majalisar Wakilai ta yi watsi da ita har sau uku a farkon 2019. A karon farko ƙuri'a 432 ce ta ƙi, 202 ta yarda.

Babban abin da ya hana ruwa gudu shi ne iyakar tudu guda ɗaya da Biritaniya ke da ita da Tarayyar Turai, watau wadda ta raba Ailan ta Arewa da Jumhuriyar Ailan. Tsawonta kusan kilomita 500, mashiganta sun haura 200, kuma tun bayan sulhun 1998 da ya kawo ƙarshen shekaru talatin na zubar da jini mutane ke ƙetare ta ba shinge ba bincike. Idan Biritaniya ta fita daga kasuwar, dole a binciki kaya a wani wuri. Neman wannan wuri ne ya ci kujerar May.

Johnson ya hau mulki ran 24 ga Yuli 2019 da alkawarin fita ran 31 ga Oktoba, ko da yarjejeniya ko babu. Rufe zangon Majalisa al'ada ce tsohuwa a Ingila, ana yin ta ne na 'yan kwanaki kafin mai sarauta ya karanta sabon jawabin manufofin gwamnati. Ikon yin haka na gadon Sarauta ne, amma Firayim Minista ke ba da shawara, mai sarauta ya sa hannu. Johnson ya ce abin da ya yi ke nan. Abokan hamayyarsa suka ce ya tsawaita hutun ne don ya toshe bakin Majalisa. Kafin rufewar ta soma aiki, 'yan Majalisa suka yi sauri suka zartar da dokar da ta tilasta masa neman ƙarin lokaci idan ba a sami yarjejeniya ba. Gina Miller ta kai ƙara a Ingila, Joanna Cherry da wasu 'yan Majalisa suka kai tasu a Sikotland, har tsohon Firayim Minista John Major, ɗan jam'iyyar Johnson, ya goyi bayan masu ƙara.

Ran 24 ga Satumba alƙalai goma sha ɗaya na Kotun Ƙoli, ƙarƙashin Lady Hale, suka yanke hukunci baki ɗaya cewa rufewar haramtacciya ce, tamkar ba a yi ta ba. Hujjarsu ita ce gwamnati ba ta da ikon hana Majalisa aikinta na yin doka da sa ido ba tare da dalili mai ƙarfi ba, kuma gwamnati ba ta kawo wa kotu irin wannan dalili ba. Kashegari Majalisa ta koma zama. Ya kamata mu lura cewa hukuncin bai hana fita ba. Johnson ya ci zaɓen 12 ga Disamba da rinjayen kujera 80, Majalisa ta yi doka, ƙasar ta fita ran 31 ga Janairu 2020. Abin da kotu ta tsare shi ne hanyar da za a bi. Iyakar Ailan kuwa ta zauna a buɗe, aka mai da binciken kaya tashoshin jiragen ruwa.

3.0 Ƙasar Bagudo da Asalin Iyakarta

Ƙaramar Hukumar Bagudo tana cikin masarautar Gwandu, Kogin Kwara ya ratsa ta. A cikinta akwai garuruwa irin su Illo da Ka'oje da Zagga da Lolo da Tsamiya, wadda daga gare ta hanya ke shiga Segbana ta ƙasar Benin. Mazaunanta sun haɗa da Hausawa da Fulani da Dandawa da Zabarmawa da Kyangawa da Bussawa, kuma galibin waɗannan al'ummu suna da dangi a ƙetaren iyaka.

A ƙarni na 19 wannan yanki mashigi ne na fatauci. Kamar yadda Paul Lovejoy ya nuna a littafinsa na 1980 kan cinikin goro, ayarin fatake kan taso daga Kano da Sakkwato, su biyo ta Jega, su ƙetare Kwara a wajejen Illo ko Gaya, su ratsa Bargu ta Kandi da Jugu, har su isa Salaga ta ƙasar Gwanja. Sukan tafi da kanwa da tufafi da fatu, su komo da goro. Kada a ɗauka cewa hanyar kyauta ce. Kowane sarki yana karɓar kuɗin fito da na wucewa, wani lokaci kuma hanya kan mutu saboda yaƙi ko 'yan fashi. Amma akwai wani abu da ya kamata mu riƙe: madugu yakan zauna da sarkin gari ko wakilinsa su yi ciniki a kan abin da ayari zai biya, kuma sarkin da ya tsananta ya san fatake za su sauya hanya, kasuwarsa ta mutu. Watau mai rufe ƙofa yana zaune a bakin ƙofar, yana ɗanɗana abin da rufewar ta haifar.

Wannan tsari ya rushe ne da zuwan Turawa. A Nuwamba 1894 Kyaftin Lugga, a madadin Kamfanin Kwara na Ingilishi, ya riga Bafaranshe Decoeur isa Nikki da 'yan kwanaki, kowannensu ya fito da takardar da ya ce sarki ya sa wa hannu. A 1897 Faransawa suka kafa sansani a Bussa, Ingilishi suka kafa rundunar sojan iyaka ta Afirka ta Yamma, har aka yi tsammanin ƙasashen biyu za su gwabza a Bargu. Daga bisani aka sasanta a birnin Faris ran 14 ga Yuni 1898. Yarjejeniyar ta bar wa Faransa Nikki, ta bar wa Ingila Bussa da Illo, ta kuma ce layin iyaka zai taɓa gaɓar Kwara a wuri mai nisan mil goma sama da Giris, tashar jiragen ruwan Illo. Wata yarjejeniya ta Oktoba 1906 ta ƙara tantance layin. A cikin shekarun farko na mulkin mallaka kuma aka cire Illo daga Bargu aka haɗa ta da Gwandu.

A nan akwai abin lura. Ikon da ministocin Ingila suka yi aiki da shi wajen ƙulla yarjejeniyar 1898 ikon gadon Sarauta ne, watau tushensa ɗaya da wanda Johnson ya ɗauko a 2019. A gida Ingilishi sun shafe ƙarnoni suna yi wa wannan iko takunkumi, tun bayan da Sarki Charles na Ɗaya ya yi mulki shekara goma sha ɗaya ba Majalisa, daga 1629 zuwa 1640. A ƙasashen da suka mallaka kuwa sun sake shi ba linzami. Irin wannan iko maras linzami a kan iyaka shi ne gwamnatocinmu suka gada a 1960.

4.0 Alkawarin 1975 da Rufewar 1984

Ran 28 ga Mayu 1975 ƙasashe goma sha biyar suka sa hannu a Ikko kan yarjejeniyar kafa Ƙungiyar Tattalin Arzikin Afirka ta Yamma, ECOWAS, bisa ƙoƙarin Janar Yakubu Gowon da Shugaba Eyadema na Togo. Mako guda bayan haka, ran 5 ga Yuni, mutanen Biritaniya suka jefa ƙuri'arsu ta farko kan Kasuwar Turai, kashi 67 cikin ɗari suka zaɓi zama. Can an tambayi jama'a. Nan kuwa Nijeriya da Dahomi, wadda ta koma Benin a ƙarshen wannan shekara, da Nijar duk soja ke mulkinsu, babu majalisar da za ta tattauna shigar. Duk da haka alkawarin ya yi wa mutanen iyaka daɗi, musamman ƙa'idar 1979 da ta ba ɗan ƙasa mamba damar shiga wata ƙasa ya yi kwana casa'in ba biza.

Alkawarin bai daɗe ba aka gwada shi. A Janairu 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙin da ba su da takardu. Ran 31 ga Disamba 1983 soja suka hamɓarar da Jumhuriya ta Biyu, suka rushe Majalisar Tarayya, Doka ta Ɗaya ta 1984 ta jingine sassan tsarin mulki. A Afrilu 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta sauya launin takardun naira, ta rufe dukan iyakokin tudu don kada kuɗin da aka fitar waje su dawo. Canjin kuɗi ya ƙare cikin kusan mako biyu, amma iyaka ba ta buɗe ba sai Maris 1986, zamanin Janar Babangida. Rufewar ta zo daidai da farin 1984, lokacin da talakawan Nijar ke dogara da hatsin Nijeriya, har mutanen can suka laƙaba wa yunwar wannan shekara sunan Buhari.

Wannan shi ne misali mafi kusa da abin da masu ƙara suka ji wa tsoro a Ingila. An fara rufe majalisa, sa'an nan aka rufe ƙofar ciniki, kuma matakin da aka ɗauka don bukatar mako biyu ya zarce kusan shekara biyu domin babu wurin da wani zai miƙe ya tambayi ranar ƙarewarsa.

5.0 Rufewar 2019

Wani zai ce ai wancan mulkin soja ne. To, a 2019 farar hula ke mulki, kuma ta fuskar rubutu tsarin mulkin 1999 ya fi na Ingila tsare majalisa. Sashe na 63 ya wajabta wa kowace majalisa zama na aƙalla kwana 181 a shekara, Shugaban Ƙasa ba shi da ikon dakatar da ita yadda ya ga dama, sashe na 12 kuma ya ce yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ba ta zama doka sai Majalisar Tarayya ta zartar da ita. Amma ba a bukaci dakatar da kowa ba. An rufe iyaka ne da sunan atisayen jami'an tsaro ƙarƙashin ofishin Mai Ba da Shawara kan Tsaron Ƙasa, lokacin da Majalisa ke hutun shekara, kuma mako shida kacal bayan Nijeriya da Benin sun sa hannu a Yamai, ran 7 ga Yuli, kan yarjejeniyar ciniki maras shinge ta nahiyar Afirka.

Adalci ne mu faɗi hujjar gwamnati, domin tana da ƙarfi. Tun tuni masana irin su John Igue da Bio Soule, a littafinsu na 1992, suka siffanta Benin da ƙasar da ta mai da kanta rumbun ajiye kaya don maƙwabta. A wancan lokaci shinkafar Tailan da Indiya kan sauka a tashar Kwatano, ta sulalo Nijeriya ta ɓarauniyar hanya duk da haramcin shigo da ita ta tudu na Maris 2016, man fetur mai rangwame kuma ya bi ta wannan hanya ya fita. Tsarin sassaucin ciniki na ECOWAS ya shafi kayan da aka noma ko aka ƙera a yankin ne, bai shafi shinkafar Asiya ba. Bugu da ƙari, Jihar Kabi ce cibiyar shirin noman shinkafa, domin a Birnin Kabi aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Banki a Nuwamba 2015, zamanin Gwamna Abubakar Atiku Bagudu. Manomin fadamar Kwara da ya ga shinkafarsa ta yi daraja yana da dalilin yin murna.

Amma matakin bai tsaya kan shinkafar waje ba. A Oktoba 2019 shugaban Hukumar Kwastan, Kanar Hameed Ali mai ritaya, ya bayyana cewa an hana shigo da kowane irin kaya ko fitar da shi ta tudu, na halal da na haram. A Nuwamba aka hana kai mai ga duk gidan man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Ga mai zaune a Abuja wannan layi ne a taswira. Ga mutumin Lolo ko Tsamiya kuwa ma'anarsa ita ce injin ban-ruwa da babur da injin niƙa duk sai an nemo musu mai daga nesa ko a hannun 'yan bumburutu. Ta haka manomin da aka rufe iyaka don a taimake shi ya biya wani kaso na ribarsa wajen sayen man ban-ruwa. Majalisar Wakilai ta yi kira a janye wannan umarni, amma ƙudurin majalisa shawara ce, ba doka ba, umarnin ya ci gaba da aiki.

Bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, hauhawar farashin abinci ya tashi daga kashi 13.17 cikin ɗari a Agusta 2019 zuwa kashi 19.56 a Disamba 2020. Annobar korona da ambaliyar 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa da yawa a Kabi, suna da nasu kaso a ciki, amma rufe iyaka na daga cikin dalilai. Ran 16 ga Disamba 2020 aka buɗe mashigai huɗu, watau Seme da Illela da Maigatari da Mfum. Kamba, babbar mashigar Jihar Kabi, ba ta buɗe ba sai Afrilu 2022, tare da Jibiya da Idiroko da Ikom. Tsamiya ba ta cikin jeri na farko, ba ta cikin na biyu.

6.0 Ficewar Ƙasashen Sahel

Ficewa ta haƙiƙa daga ƙungiyar ciniki ta zo wa yankin daga arewa. Ran 26 ga Yuli 2023 soja suka kifar da Shugaba Bazoum na Nijar, suka jingine tsarin mulki, majalisa ta watse. Ran 30 ga Yuli shugabannin ECOWAS suka sa takunkumi, Nijeriya da Benin suka rufe iyakokinsu da Nijar. Ran 28 ga Janairu 2024 Nijar da Mali da Burkina Faso suka ba da sanarwar ficewa, kuma bisa sashe na 91 na yarjejeniyar Kwatano ta 1993, wanda ya tanadi wa'adin shekara guda, ficewar ta tabbata ran 29 ga Janairu 2025. A cikin ƙasashen uku babu wadda ke da zaɓaɓɓiyar majalisa sa'ad da aka yanke shawarar, babu kuma wadda ta yi ƙuri'ar raba gardama a kai.

Ko da ECOWAS ta ɗage takunkumin a Fabrairu 2024, Nijar ta bar gadar da ke tsakanin Gaya da Malanville a rufe duk tsawon wannan shekara, mutane da kaya suka koma ƙetare Kwara da kwale-kwale kamar zamanin fatake. Gadar nan ba ta da nisa da Lolo da Illo. Abin da Biritaniya ta shafe shekara uku da rabi tana muhawara a kai, a nan an gama shi da sanarwa guda a talabijin.

7.0 Kammalawa

Ba mu kawo misalin Ingila don mu ce shawarar da suka yanke daidai ce ba, domin har bayan ficewar su kansu sun ci gaba da jayayya a kanta. Ba mu kuma manta cewa su ne suka ja layin da ya raba Bargu ba tare da tambayar kowa ba. Darasin ya fi haka ƙanƙanta, ya kuma fi haka amfani. Muhawarar da aka tilasta wa gwamnati ce ta sa maganar iyakar Ailan ta zauna a tsakiyar fage har aka samo hanyar da ba ta datse ta ba. Jinkirin da 'yan Majalisa suka jawo, wanda aka yi ta zagi a lokacin, shi ne ya ba mutanen iyaka damar a ji kukansu. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A Bagudo kuwa, a 1898 da 1984 da 2019 da 2023, sau huɗu ke nan aka ja layi ko aka datse shi daga Faris ko Ikko ko Abuja ko Yamai, mutanen wurin suka ji labari bayan an gama. Saboda haka muna ba da shawara biyu. Ta farko, ga masana shari'a da 'yan majalisa: a yi dokar da za ta bar wa gwamnati ikon rufe iyaka cikin gaggawa, amma ta ƙayyade masa wa'adi, ta yadda ba zai wuce wasu 'yan makonni ba sai Majalisar Tarayya ta saurari al'ummun iyaka ta kuma sabunta shi da ƙuri'a. Tsarin mulki ya riga ya yi irin wannan tanadi ga dokar ta-ɓaci a sashe na 305, don haka ba baƙon abu ba ne. Ta biyu, ga mu masu nazarin tarihi: dattawan da suka ga rufewar 1984 a Illo da Lolo da Tsamiya da Segbana suna ƙarewa. Wajibi ne jami'o'inmu na Sakkwato da Birnin Kabi da Aliero su tura ɗalibai su ɗauki bayanansu, da na matan da ke cin kasuwannin ƙetare, da na masu fito, domin sa'ad da maganar rufe iyaka ta sake tasowa a sami rubutacciyar shaidar abin da ta taɓa jawowa daga bakin waɗanda suka ɗauki nauyinta.